'Yar Ƙarfe

Mai hoton ƙashi ya manna baƙin hoton a jikin allon fitila, ƙafar ta fito fara tas, daga ƙwauri zuwa yatsu. Injiniya ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Haka yake duba waldar wani in an kawo masa gyara. Ya ƙanƙance ido ɗaya, ya karkata kai, ya bi layin ƙashin da farcen babban yatsansa.

"Ita ce ta ƙarshe?"

"Ita ce ta ƙarshe, Baba. Matan da ba a gane ba, duk ka ga ƙafarsu ta hagu."

"Babu ƙarfe."

"Babu. Amma dubi nan, a idon sawu. Wannan ta taɓa karyewa, ƙashin ya ɗinke."

"Ɗana, karaya ai ba suna ba ce. Rabin masu yawo a titi sun taɓa karyewa. 'Yata noti biyu gare ta a nan, nan daidai, ni na sa hannu aka ɗaura mata."

Sai ya yi dariya. Ba babba ba ce, irin mai kuɓuce wa mutum ta hanci ce, amma a ɗakin da ke manne da mutuware, wurin ajiye gawa, ta yi ƙara fiye da kima, har mai goge ƙasa ya tsaya ya waiwayo. Tun ranar da masana'antar katifa ta kama da wuta ba wanda ya ga haƙoran Injiniya. 'Yarsa tilo tana sashen ɗinki ne, a hawa na sama, inda ake ɗinka rigar katifa, soso kuwa in ya kama ba ya jiran kowa. Waɗanda suka diro ta taga suna kwance a asibiti. Waɗanda aka gane an miƙa wa danginsu. Sauran suna cikin firjin da ke bayan bangon nan, wuta ta kwashe musu duk abin da uwa ke gane ɗanta da shi.

Matarsa, Malama, tana zaune a benci bakin ƙofa, jaka a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Malama, tashi mu tafi. Ba ta nan."

Ta ɗago kai ta dubi hoton da ke kan allo, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dubi mijinta, dariyar ba ta gama barin bakinsa ba. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta gyara mayafinta ta miƙe.

Mai hoton ya biyo su har baranda. "Baba, an ɗebi jininku don gwaji, amma sakamakon kan ɗauki watanni. Firjin kuma ka ji yadda yake." Injiniya ya ji, tun shigowarsa kunnensa ya gaya masa injin na numfashi da ƙyar. "Hukuma ta ce duk wanda ba a karɓa ba zuwa ƙarshen mako za a binne su tare, kabari ɗaya, kowa da lamba a maimakon suna."

"Allah ya ji ƙansu, ya bayyana danginsu," in ji Injiniya. Ya dafa kafaɗar saurayin kamar shi ne mai buƙatar rarrashi. "Na sha yanka motar da ta ƙone ƙurmus. Taya ta tafi, kujera ta tafi, gilashi ya narke, amma notinta sai na sa sifana nake kwance shi. Wuta ba ta cin noti, ɗana. Wannan kam sana'ata ce."

Injiniya dai ba injiniya ba ne, mai walda ne. Malama ce ta laƙaba masa sunan don tsokana tun suna saurayi da budurwa, ya bi shi har ya danne na yanka. Ita kuwa malamar ce ta gaske, ta firamare, mai ƙarancin magana a gida saboda ta ƙarar da ita a aji. Shi ne mai surutun gidan. Mutum ne da in ya fahimci abu sau ɗaya, to ya ɗaure shi ke nan, ko da guduma ba ka kwance shi.

Lokacin da yarinyar take sakandare ta zamo daga matakalar gidan hayarsu da bokitin wanki a hannu, idon sawun hagu ya karye. Likitan ƙashi ya kira uban ofis ya yi masa dogon bayani kan wani sabon noti da yake so ya sa mata. Injiniya yana zaune yana gyaɗa kai, amma kunnensa na can wajen kukan 'yarsa da yake jiyowa ta bango. Cikin bayanin nan kaf jimla ɗaya ya tsinta: "Ba sai an sake buɗe ƙafar an cire ba." A wurin mai walda kuwa wannan magana ma'ana ɗaya gare ta. Abin da aka ɗaure ba za a kwance ba, na dindindin ne. Ya sa hannu, ya fito yana gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa an sa wa 'yarsa ƙarfen da zai raka ta tsufa.

Daga ranar ta zama 'Yar Ƙarfe. Shi ya raɗa mata, unguwa ta ɗauka, har ƙawayenta na wurin aiki da ba su san mafarin ba da shi suke kiranta. Yana da wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya ajiye shi kan taga. In tana cin abinci sai ya lallaɓo ya kara mata shi a idon sawu, abin ya faɗi ƙasa tim.

"Kin gani? Ƙarfen asibiti ke nan, mai daraja. Ba ya kula maganaɗisu."

"Baba, don Allah ka bar ni in ci abinci."

"Ki ci da kyau, ki yi nauyi. In kika dame ni 'yan gwangwan zan kira su auna ki."

Sai yarinyar ta dubi uwarta, uwar ta dube ta, su tuntsire da dariya har da riƙe ciki, dariyar da ta fi ƙarfin wasan nesa ba kusa ba. Shi kuwa ya ɗauka Allah ne ya yi shi da iya barkwanci.

Bayan dawowarsu daga mutuware Injiniya ya zama wani mutum. Ya ci abinci, ya yi aski. Ya tsara labarin yadda abin ya faru, ya ɗaure shi tam: ta diro ta tagar baya, kanta ya bugu, wani mai mota ya kwashe ta zuwa wani ƙaramin asibiti, tana can ba ta san inda kanta yake ba. Da safe sai ya sa hotonta a fuskar wayarsa ya fita. Ya bi manyan asibitoci, ya bi ƙanana, ya bi har waɗanda ɗaki biyu ne da labule. Ko'ina jimlarsa ɗaya: "Budurwa ce doguwa, tana da ƙarfe a ƙafar hagu." Ma'aikatan jinya su duba, su girgiza kai, shi kuma ya yi godiya ya tambayi hanyar na gaba. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, Injiniya kuwa nasa takobin shi ya ƙera shi da hannunsa.

Maƙwabta suka rasa da wace fuska za su shigo gidan. Wata tsohuwa ta kuskura ta ce Allah ya ji ƙai, ya raka ta har ƙofa.

"Iya, jaje ake yi a gidan nan, ba ta'aziyya ba."

Malama ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Ta daina zuwa makaranta. Ta kwashe kayan yarinyar ta wanke, har waɗanda ba su yi datti ba, ta shanya, ta goge, ta ninke su cikin akwati. Ya dawo da yamma ya tarar da ita tana jera takalma a cikin leda.

"Me ke nan kike yi?"

"Ƙura ce ke hawansu."

"To ki bar mata na zaman gida a waje. In an sallamo ta da me za ta taka ƙasa?"

Ta ciro silifas ɗin ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin yarinyar, ta daidaita su da ƙafarta. Ranta a ɓace yake, ya gani, amma ya ɗauka rashin tawakkali ne irin na uwa. Har nasiha ya yi mata.

Ana gobe ƙarshen mako asibitocin suka ƙare masa. Ƙafarsa ta kai shi shago ba tare da ya aike ta ba. Ya ɗage ƙofar, warin ƙonannen ƙarfe da tsohon mai ya tare shi, ya zauna kan gwangwanin fenti yana kallon titi. Bai daɗe ba wani mai sare itace ya tsaya da babur, ya sauke murfin injin zartonsa da ya tsage.

"Injiniya, taimaka ka ɗan ɗiga masa wuta. Aiki na jirana."

Injiniya ya karɓa ya jinjina shi a tafin hannu. Ya yi rashin nauyi da yawa. Ya ɗauki magagari ya kankare gefe har farin ƙarfen ya fito, ya tsallaka wurin mai shayi ya karɓo rabin lemun tsami. Tsohuwar dabara ce ta masu walda, don akwai ƙarafa biyu masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya na karɓar wuta, ɗaya kuwa in ka yi ganganci shi zai kama da kansa. Ya matsa lemun a inda ya kankare. Nan take wurin ya fara tafasa, ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa.

"Ka gani? Da alminiyam ne da ko gezau ba zai yi ba. Wannan magnesiyam ne. Ƙarfe ne mai kyau, ga ƙarfi ga rashin nauyi, amma ba ya shiri da ruwa mai tsami ko mai gishiri. In ka bar shi cikin danshi, a hankali a hankali sai ka neme shi ka..."

Bai ƙarasa ba. Kalmar magnesiyam ce ta tsaya masa a baki. Ya taɓa jin ta daga bakin da ba na mai walda ba, a wani ɗaki mai warin magani, wani mutum mai farar riga yana juya ɗan ƙaramin noti tsakanin yatsunsa, ana jiyo kukan yarinya ta bango.

"Injiniya, lafiya? Za a iya ko ba za a iya ba?"

"Kai shi wani wurin."

Mutumin ya ɗauki kayansa yana gunaguni. Injiniya ya zuba ido ga ɗigon lemun da ya zuba a kan ɓarɓashin da ya kankare. Garin ƙarfen yana ta kumfa a kan teburin, yana raguwa. Ya tsaya a kansa har ya daina motsi, bai bar komai ba sai ɗan tabo mai toka-toka. Ya fita bai ko saukar da ƙofar shagon ba.

Likitan ƙashi ya yi furfura, ya ƙara tabarau, amma ofishin na nan yadda yake, har kwarangwal ɗin roba da ke tsaye a kusurwa. Injiniya ya jira layi ya ƙare. Da ya shiga bai zauna ba, ya faɗi sunan 'yarsa, ya faɗi shekarar, ya faɗi ƙafar, ya ce noti biyu ne.

"A, cikin na farko-farkon da muka sa ke nan," in ji likitan, fuskarsa ta washe. "Yaya ƙafar? Tana damunta?"

"Likita, notin nan. Yana nan?"

"Yana ina? Ai ya daɗe da tafiya. Amfaninsa ke nan, Malam. Magnesiyam ne aka gauraya da wasu ƙarafa kaɗan don kada ya yi saurin ci. Yana riƙe ƙashin har ya ɗinke, sannan ruwan jiki ya riƙa cinsa sannu a hankali, ƙashi na maye gurbinsa. Abin da ya narke jiki ya yi amfani da shi, saura ya fita ta fitsari. Shekara biyu, uku, sai ka ɗauki hoto ka ga kamar ba a taɓa yi ba. Na tabbata na yi maka wannan bayanin."

"Ka ce ba sai an cire ba."

"E, don zai cire kansa."

Injiniya ya nemi kujerar da hannu, ya zauna. Likitan ya ci gaba da magana cikin jin daɗin mai aikin da ya yi kyau: yadda da can ake yanka yaro sau biyu, a sa ƙarfe, a dawo a cire, yadda wasu ke yawo da ƙarfe yana yi musu zogi lokacin sanyi. Sai ya lura mutumin da ke gabansa ya rufe fuska da manyan hannuwansa masu tabon tartsatsi.

"Malam, me ya faru?"

"Masana'antar katifa."

Likitan ya cire tabarau. Da Injiniya ya gama bayanin hoton da ya gani da abin da ya ƙi gani a cikinsa, likitan ya ɗauki waya ya kira mutuware. Ba a jima ba hoton ya shigo masa. Ya buɗe shi a kan kwamfuta, ya faɗaɗa idon sawun har ya cika fuskar allon, ya nemo tsohon hoton yarinyar na ranar da aka yi aikin ya jera su gefe da gefe. A na hagu noti biyu ne kwance a karkace, ɗaya bisa ɗaya. A na dama babu komai sai ƙashi. Amma da likitan ya rage hasken, wasu layuka biyu suka bayyana, dishi-dishi, kamar sawun tsinke a kan tuwon da ya huce. Karkatarsu ɗaya da ta notin.

Ba sai an yi wa Injiniya bayani ba. Kowane mai aiki yana da yadda yake kwantar da hannunsa, shi kansa yana gane waldarsa a ƙofar gidan da ya manta ya taɓa yi wa aiki.

"Gwajin jini ne kaɗai zai yanke magana," in ji likitan a hankali. "Ba zan rantse maka ba. Amma wannan hannuna ne."

"Aikinka ya yi kyau, likita," in ji Injiniya. Ba gatse ya yi ba, kuma likitan ya san ba gatse ba ne, shi ya sa ya kasa ɗaga kai.

A ƙasa ya tako zuwa gida, ko da yake da nisa. Rana ta karkata, 'yan makaranta suna ta wucewa, masu shaguna suna yayyafa ruwa a ƙofa. Baƙin ciki ya cika shi har wuya, amma ba shi ne ya fi nauyi ba. Abin da ya fi nauyi shi ne Malama. Shi ya ce mata tashi mu tafi. Shi ya sa ta fito da silifas. Yanzu kuma shi zai shiga ya ƙwace abin da ya ba ta, kuma dole yau, don gobe da safe motar hukuma za ta kwashe gawarwakin. Ya gwada jimlar a bakinsa ta hanya goma, kowacce ta fito a karkace. Har ya raya a ransa ya je ya karɓo ta shi kaɗai, ya binne, ya bar uwar da jiranta. Ya yi tafiya mai nisa da wannan tunanin kafin ya ji kunyar kansa.

Ya hau matakalar nan da yarinyar ta taɓa zamowa daga kanta. Ƙofar a buɗe take. Malama tana zaune a bakin gadon 'yarta, sanye da mayafin fita, jakarta a gefe. A kan cinyarta akwai wani ƙunshi a baƙar leda, bakin ledar ya ɗan buɗe, farin yadi na leƙowa.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ƙafarsa na taɓa silifas ɗin.

"Malama, daga wurin likitan ƙashi nake."

"To."

"Notin nan... ashe ba irin wanda na sani ba ne. Ashe shi..."

"Narkewa yake yi," in ji ta. "Na sani, Injiniya. Zauna."

Bai zauna ba. Ya riƙe ƙyauren.

"Wa kake tsammani ke kai ta hoto bayan aikin? Kana shago. Ni nake kai ta. A idona ya fara cin kansa. Da farko har wata iska ta taru a gefensa, na tsorata, likita ya ce haka yake yi, za ta baje. Kowane zuwa sai mu ga ya ƙara sirancewa. Ranar hoton ƙarshe likita ya ce mu nemo shi in mun isa, muka duba muka rasa. Ta yi ta tsalle a baranda da ƙafar."

"Ba ku gaya mini ba."

"Ita ta hana. A mota ta ce, Mama, kada ki gaya wa Baba, zai ƙwace sunan. Ta ce in ya ji ba ƙarfe me zai riƙa tsokanata da shi?" Ta shafa bakin ledar. "Kai kana kara maganaɗisu, mu muna dariya. Ba ka taɓa tambayar abin da ke ba mu dariya haka ba."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin ƙyaure. Can kan taga maganaɗisun yana nan inda yake, ya tara 'yan allurai da ƙura.

"To a mutuware fa? Kina zaune, kina ji ina cewa ba ita ba ce. Kika bar ni na juya mata baya. Kika bar ni ina bin asibitoci kamar mahaukaci."

"Ka yi dariya," in ji ta. "Tun ranar wutar ba ka ci ba, ba ka runtsa ba, ina jin ka kana magana da bango. Na ce mutumin nan bin ta zai yi, a bar ni da kabari biyu. Sai ga shi ka yi dariya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, na kasa."

"Da kin faɗa."

"Da na faɗa. Ni ma ai ba don kai kaɗai na yi ba. In ka fita da safe da hoton nan a waya, sai in zauna in ce wa ya sani, ko shi ne da gaskiya. Ka iya faɗin abu kamar ka gani da ido. Aron naka na riƙa yi ina kwana da shi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Amma na ba ka zuwa yau ne kawai. Da ba ka dawo da maganar ba, da ni zan yi ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan bari a sa mini ita a rami da lamba ba."

Ya dubi farin yadin. "Yaushe kika saya?"

"Ranar da muka dawo."

Nan ne ya yi kukan da bai yi ba tun farko, kuka mai muni irin na manyan maza da ba su saba ba. Ba ta rarrashe shi ba. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙe ta kawo masa ruwa a kofi, ta ɗauko hularsa daga kan ƙusa. Da za su fita ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗin, ta sa su cikin leda tare da sauran takalman.

Sun isa mutuware rana na gab da faɗuwa. Injin firjin na nan yana nishinsa. Mai hoton ya gan su tun daga nesa, ya taso, bai tambaye su komai ba, likitan ya riga ya kira shi. Ya kai su wurin magatakardan da ke bayar da gawa, wani dattijo mai gajiyayyen ido wanda ya kwana biyu yana yi wa mutane tambayoyi iri ɗaya. Ya jawo takarda, ya rubuta lambar, ya rubuta sunan da Malama ta faɗa masa, sunan yanka, wanda Injiniya ya daɗe bai ji a bakin kowa ba.

"Dangantaka?"

"Iyayenta ne," in ji mai hoton.

"Da wace alama kuka gane ta? Dole in cike gurbin. Zobe, haƙorin makka, tabo, ƙarfe a jiki?"

Malama ta dubi mijinta. Shi ne mai maganar gidan, ko yau ba ta karɓe masa ba. Injiniya ya dubi gurbin da ke jiran biro, ɗan fili fari tsakanin layi biyu.

"Ƙafarta ta hagu," ya ce.

"Me ya same ta?"

"Ta warke," in ji Injiniya. "Rubuta ta warke sarai."